Tara na me?

Ranar da abin ya faru ina kan babur, tsakanin wani aiki da wani, sai yaron shagona ya kira ni. Yana can wata sabuwar unguwa da ke bayan gari, nan Kano, inda muka shimfiɗa bututun roba mai tsawon mita 180, irin mai faɗin milimita 63 wanda 'yan kasuwa ke kira inci biyu. Mun gama haɗawa, mun toshe bakunansa biyu da murfi, mun cika shi da ruwa. Saura gwaji kawai a mayar da ƙasa.

"Maigida, na ɗaura famfon gwajin. Nawa zan kai shi?"

Na ce, "Kai shi tara, ka rufe bawul, ka jira ni."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. A raina bar 9 nake nufi (bar sunan ma'aunin matsi ne), domin takardar aikin ta ce bututun zai riƙa aiki a bar 6, gwaji kuma ninki ɗaya da rabi ake yi. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne gejin da ke kan famfon. Tsohon ya faɗi ya fashe, ana gobe za mu yi gwajin na sayo sabo a kasuwa. Na ga fuskarsa ta tashi daga 0 zuwa 10, na biya, na jefa a aljihu. Ban karanta 'yan ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin allurar ba. MPa aka rubuta, wani ma'aunin matsin daban, ba bar ba. A irin wannan gejin, lamba 1 daidai take da bar 10. Taran da na ce ya kai bar 90 ce, a kan bututun da aka buga wa bar 10 a jikinsa.

Yaron ya yi abin da aka ce ya yi. Ya yi ta danna hannun famfo, allura na ja da ƙyar, hannun na ƙara tauri. Daga baya ya gaya mini ya yi mamakin yadda gumi ya jiƙa shi sharkaf alhali allura ko uku ba ta kai ba, amma ya ce a ransa maigida ya fi shi sani. Tana wajen biyu da rabi, murfin da ke gabansa, wanda tiyon famfon ke ɗaure a kai, ya ɓalle ya same shi a ƙwauri. Ɗinki huɗu aka yi masa. Allah ya tsare, ba a fuska ba.

Daren nan na kasa barci, na ɗauki biro na lissafa. MPa 2.5 bar 25 ce. In ka buga ta a faɗin bakin bututun, ƙarfin da ke tura murfin ya haura nauyin kilo 600, wato sama da buhu 12 na siminti a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Kuma da ruwa muka yi gwajin. Ruwa ba ya matsuwa, da ya samu kafa sai matsin ya faɗi nan take. Da iska ce a ciki, wadda ke tara ƙarfi kamar an danne sifirin, da bututun ya tarwatse gutsi-gutsi. Duk wanda ya ce ku gwada bututun roba da kwampireso don a yi sauri, kada ku yarda.

Abin da ya fi damuna shi ne ba jahilcin lissafi ya jawo ba. Na san MPa tun ina makarantar koyon sana'a. Lamba na bayar ba tare da sunanta ba, kuma abin da aka hana ni ke nan tun ina ƙarami.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai faci ne a bakin hanyar Katsina. Gejinsa irin mai kama da biro ne, wanda in ka danna shi a bawul ɗin taya wani ɗan farin sanda ke fitowa da lambobi. Direbobin gari ba su taɓa ambaton sunan ma'aunin ba. "Baba, sa mini talatin da biyar." "Ta baya ka kai ta arba'in, kaya zan ɗauka." Kowa ya san abin da ake nufi, domin geji ɗaya ne a duk layin. Amma in direban Maraɗi ko Damagaram ya tsaya, sai ka ji ya ce, "Malam, kilo biyu da rabi." Baba bai yi boko ba, amma a bangon shagon ya sa an rubuta masa da gawayi: kilo 2 daidai 28, kilo 2 da rabi daidai 36, kilo 3 daidai 43. In damina ta wanke, a sake rubutawa. Ko da yaushe na ce masa "biyu" ko "talatin" in tsaya, sai ya ce, "Na wa? Namu ko nasu?"

Sai da na girma na gane abin da ke bangon nan. "Namu" shi ne psi, harufan farko na kalmomin Turanci da ke nufin laba a kan kowane inci murabba'i. Labar nan dai da kakanninmu suka sani a awon gyaɗa da auduga, wadda Turawan Ingila suka zo da ita tare da inci da ƙafa da galan da mil. Nijeriya ta koma awon mita da kilo a shekarun 1970, kusan lokaci guda da komawa tuƙi ta dama a 1972 da shigowar naira da kobo a 1973. Allunan hanya sun koma kilomita, gidan mai ya koma lita, amma gejin mai faci bai koma ba har yau. "Nasu" kuwa kilo ne a kan kowane santimita murabba'i, gadon Faransa, kuma da kaɗan ya bambanta da bar. Iyaka ɗaya ce tsakaninmu a Jibiya, harshe ɗaya, dangi ɗaya, iskar da ke cikin tayar ma ɗaya ce, sunan awon ne biyu.

Duk waɗannan sunaye abu guda suke aunawa: ƙarfi nawa ne ke danna fili mai faɗi kaza. Shi ya sa raƙumi, duk nauyinsa, ke tafiya a kan rairayi ba ya nutsewa, amma sandar makiyayi da ɗan dannawa ta shige. Nauyi ya watsu a faɗin tafin raƙumi, na sanda kuwa ya taru a ɗan tsini. Wannan shi ne matsi, ko furesha kamar yadda muke cewa a bakin aiki. Ingila ta ce a auna ƙarfin da laba, filin da inci. Faransa ta ce da kilo da santimita. Ma'aunin da duniya ta amince da shi a 1960 ya ce ƙarfi da niyuton, fili da mita, a 1971 kuma aka raɗa wa wannan suna faskal, don tunawa da Blaise Pascal, Bafaranshen da ya rayu daga 1623 zuwa 1662. Faskal ɗaya ƙarami ne ƙwarai, kusan nauyin takarda guda a shimfiɗe a kan tebur, shi ya sa ba ka ganinsa shi kaɗai. Sai dai kPa, wato faskal 1,000, ko MPa, faskal miliyan ɗaya. Bar kuma faskal 100,000 ce cif. Saboda haka bar 1 kPa 100 ce, bar 10 kuma MPa 1. Tsakanin waɗannan ukun babu lissafi, ɗigo kawai ake matsarwa. Matsar da ɗigon nan ne ya yanka ƙwaurin yarona.

Inda ake buƙatar biro shi ne tsakanin psi da sauran. Lambar da ke haɗa su ita ce 6.895: psi 1 daidai yake da kPa 6.895. Ba daga sama ta faɗo ba, kuma ina so mai koyo ya ga asalinta ko sau ɗaya ne, don in ya manta ya iya sake gina ta. A 1959 Amurka da Ingila da Kanada da Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu suka daidaita cewa inci milimita 25.4 ne, laba kuma kilo 0.45359237. Jan ƙasa a kan laba ɗaya, in ka buga kilon nan da 9.80665, niyuton 4.448 ne. Inci murabba'i kuwa 25.4 sau 25.4, milimita murabba'i 645.16. Raba na farko da na biyu, ka samu niyuton 0.006895 a kan kowace milimita murabba'i. Wato kPa 6.895 ke nan, ita ce lambar. Daga nan sauran suke fitowa: bar 1 psi 14.5 ce, MPa 1 psi 145, kilo ɗaya na mutanen Nijar psi 14.2.

A bakin aiki ba na ɗauko waya don wannan. Daga psi zuwa kPa bugawa nake da 7. Taya mai psi 32, sau 7, 224. Ainihinta 221, bambancin ba ya kashe taya. Raba da 100, ka samu bar 2.2. In daga bar zan koma, sai in buga da 15 in cire rabin lambar farko: 2.2 sau 15, 33, a cire 1.1, saura 31.9. Wannan ya isa ga taya da famfon gida. Bai isa ga takardar da zan sa wa hannu ba, can sai da cikakkiyar lamba. Haka ma bar da kilo: bambancinsu kashi 2 cikin 100 ne kawai, a taya ba ka ma ganinsa, amma a tukunyar iska mai 200 ya kai bar 4.

Tunda na ambaci taya, bari in faɗi wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Motocin da ke shigo mana 'yan Kwatano kowace da yaren ƙasarta. In ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai sitika: ta Amurka psi da kPa za ta nuna, ta Turai yawanci bar, tsofaffin na Japan kPa da kilo. Wannan sitikar ita ce maganar wanda ya ƙera motar. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta ɗauka ce, ba abin da ake so a sa ba. Sau nawa na ga an cika ƙaramar mota zuwa 45 ko 50 wai don ta yi gudu ta rage shan mai, sannan a hau hanyar Zariya da tsakar rana a watan Afrilu. Iska na ƙara matsi da zafi, kusan psi ɗaya da rabi a duk ƙarin digiri 10. Shi ya sa ake awo da safe, taya na da sanyi. In ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau da 4 ko 5, kada ka sace iskar. In ta huce za ta koma inda take, kai kuma ka bar ta ƙasa da ƙa'ida.

A aikina na ruwa akwai yare na huɗu, kuma shi na fi so, don ido na ganinsa: tsawo. Ruwa mai tsayin mita 10 yana danna gindinsa da kusan bar 1, in ana son daidai 0.98. Masu awon ƙafa suna cewa ƙafa 2.31 psi 1 ce. Allon da ke jikin famfon rijiyar burtsatse, wanda muke kira sumo, ba ya cika cewa bar ko psi, mita ko ƙafa yake faɗa. In ruwa na tsaye a mita 60 ƙarƙashin ƙasa lokacin da ake ja, tanki kuma na sama da mita 12, famfo zai ɗaga mita 72 ke nan, bar 7 da 'yan kai, psi 102, kafin a ƙara abin da gogayya a cikin bututu ke ci. Na taɓa zuwa gyara inda aka saka famfon da allonsa ya ce 230, mai sakawa ya ɗauka mita ce, ashe ƙafa ce, mita 70 kacal. Famfon lafiyarsa lau, yana ta juyawa, ruwa na hawa har kusa da bakin tanki ya tsaya. An canja waya, an canja kwantirola, an zargi hasken sola, har an fara maganar sake haƙa rijiya. Harufa biyu ne a bayan lambar, ft, ba wanda ya kalle su.

Wannan tsawon ne kuma nake fama da masu gida a kansa. Alhaji zai ce shawa ba ta da ƙarfi, a sayo tanki mai lita 5,000 a cire na 2,000. Sai in ce, "Ranka ya daɗe, ko kogi ka ɗora a wannan ƙarfen, ƙarfin shawar ba zai canja ba." Faɗin tanki ba ya ƙara matsi, tsayinsa ne ke ƙarawa. Tankin da ruwansa ke mita 6 sama da kan famfo bar 0.6 zai bayar, psi 8 da rabi, ko ƙarami ne ko babba. Injin wanki ko hita da ke neman bar 1 ba zai gamsu da wannan ba, sai an ɗaga tanki ko an sa ƙaramin famfon ƙari. Wasu na yarda, wasu sai sun sayi babban tankin tukuna.

Akwai kuma abin da geji ba ya faɗa maka. In ka cire shi ka riƙe a hannu allura na kan sifili, amma ba wai babu matsi ba ne. Iskar da ke kewaye da mu tana danna komai da kPa 101.325 a bakin teku, psi 14.7. Geji yana nuna abin da ya ɗara wannan ne kawai. Na sha buɗe matattun geji ina kallon cikinsu: wani lanƙwasasshen bututun tagulla ne, in matsi ya shiga ya nemi miƙewa, ya ja allura. Eugène Bourdon ya yi rajistar wannan dabara a Faransa a 1849, kuma har yau ita ce a cikin na kasuwa. Iskar waje na danna bayan bututun, ta ciki na tura shi, bambancin ne ke motsa allura. Shi ya sa a wasu takardu za ka ga psig da psia, na farko abin da geji ya nuna, na biyu an haɗa da nauyin iskar duniya. In ka juya psi zuwa bar daidai har ɗigo huɗu amma ka ɗauki wannan a madadin wancan, ka yi kuskuren bar guda cur. A bar 200 ba komai ba ne. A aikin firji da na'urar sanyaya ɗaki, ko famfon da ke tsotso, shi ne komai.

Kuma wannan nauyin iska ba ɗaya ba ne ko'ina. Tun 1648 Pascal ya sa mijin yayarsa Florin Périer ya hau dutsen Puy de Dôme da ke Faransa da bututun zaiba, aka ga tana sauka yayin da ake hawa. A Kano, da ke sama da teku da kusan mita 480, iskar ta kai kPa 96. A Jos, da ta haura mita 1,200, wajen 88. Famfon da ke zaune a sama yana tsotso ba ja yake ba, iskar duniya ce ke tura masa ruwan. A lissafi iyakarsa mita 10.3 a Legas, kusan 9 a Jos, a aikace kuwa da wuya ya wuce 7 ko 8. Wanda bai san wannan ba zai yi ta canja famfo a kan rijiyar da ruwanta ya ja ƙasa da bazara.

Wani tarkon ƙarami ne amma ya kama mutane da yawa a hanyar Maraɗi. Takardar Faransanci waƙafi take sawa inda muke sa ɗigo: 2,5 bar na nufin biyu da rabi. Takardar Amurka kuwa waƙafi na raba dubbai: 3,000 psi dubu uku ce. In famfo ya zo da littafi mai harsuna da yawa, ka tabbata shafin da kake karantawa na wane ne.

Duk wannan na ruwa ne da iska. Sai da na fara karɓar aikin hasumiyar tanki na gane cewa ƙarfe da kankare ma da wannan ma'aunin ake auna wahalar da suke sha a cikin jikinsu. Ginshiƙi na ɗauke da nauyi, nauyin na rabuwa a faɗin ginshiƙin. Rodi ana jansa, jan na rabuwa a kaurinsa. Ƙarfi ne a kan fili, kamar dai iskar taya, sai dai lambobin manya ne. Injiniyoyinmu na rubuta N/mm², wato niyuton a kan milimita murabba'i, wanda shi ne MPa ba ƙari ba ragi. Lambar 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhun siminti ma ita ce. Amurkawa na rubuta psi da dubbai, ko ksi, wato psi 1,000.

A nan ne na koyi darasin da ya fi na gejin zurfi, kuma wata injiniya ce ta koya mini, mace mai natsuwa da ta girme ni a aiki. Wata ƙungiya daga waje ta ba da kuɗin rijiya da hasumiya a wani ƙauye, tankuna masu ɗaukar lita 10,000, tan 10 na ruwa ke nan a sama da kan mutane. Zanen daga Amurka ya zo, ya ce kankaren gindi psi 4,000. Na buga da 0.006895, na samu 27.6. Muka zuba, muka cika ƙananan akwatunan gwaji masu milimita 150 kowane gefe, aka jiƙa su kwana 28, aka kai ɗakin gwaji aka murƙushe. Sakamako ya fito 28. Na kai mata takardar da murna.

Ta duba ta ce, "Malam, lissafinka daidai ne. Amma su 4,000 ɗin nan a kan me suka auna?"

Ban gane tambayar ba sai da ta zana mini. Mu, bisa tsarin Ingila da muka gada, dunƙule mai kusurwa huɗu muke murƙushewa. Amurka kuwa dogo mai siffar gwangwani suke yi, faɗin inci 6, tsawon inci 12. Kankare ɗaya, daga kwaɓi ɗaya, in ka zuba shi a siffofin biyu, dogon zai fashe da wuri, a kusan kashi 80 cikin 100 na abin da gajeren zai jure. Gajeren yana samun tallafi daga faranta biyu na injin da suka riƙe shi sama da ƙasa, dogon kuwa tsakiyarsa ta yi nisa da su. Shi ya sa tsarin Turai ke rubuta lamba biyu tare, kamar C25/30, ta farko ta dogon, ta biyu ta dunƙulen. To 28 ɗinmu, in aka mayar da ita yaren wanda ya yi zanen, wajen 22 ce, psi 3,250 ko kusa. Abin da yake nema, a namu awon, ya kai 34 zuwa 35. Ban yi kuskuren ko ɗigo ɗaya ba a bugawa, amma kankaren ya gaza abin da aka nema da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Ta koma ta sake lissafin gindin da ainihin ƙarfin da muka samu, ta ƙara faɗin kafaɗar da ginshiƙan ke zaune a kai, sauran zubin kuma muka canja kwaɓi. Hasumiyar na nan tsaye. Amma tun ranar na daina ɗaukar juya ma'auni a matsayin aikin kalkuleta. Kalkuleta zai ba ka 27.6 ko da me aka auna. Ba zai tambaye ka siffar abin da aka murƙushe ba, ko kwana nawa ya yi, ko geji ne ya faɗa ko an haɗa da iskar duniya, ko a wane zafi. Bar 10 ɗin da ke jikin bututun roba ma a digiri 20 aka auna ta. Bututun da ke kwance a rana a Kano ko Sakkwato ba ya ɗaukar wannan.

Rodi ma haka. Zanen Amurka zai ce Grade 60, wato psi 60,000 kafin ƙarfen ya fara miƙewa ba komawa. A MPa 414 ne, su da kansu suna rubuta 420. Namu tsohon tsarin na Ingila 460 yake cewa, daga baya ya koma 500. Nan in ka sa namu a madadin nasu ba ka yi asara ba, muddin rodin ya kai abin da aka ce ya kai. Asarar tana wurin kauri. A kasuwar Ƙofar Ruwa in ka ce rabin inci, mai milimita 12 za a miƙo maka, kowa haka yake kiransa. Rabin inci na gaskiya 12.7 ne. Ka ce 0.7 ba wani abu ba ne, amma faɗin bakin ƙarfe da murabba'i yake tafiya: na 12 milimita murabba'i 113 ne, na 12.7 kusan 127. Ƙarfen ya ragu da kusan kashi 11 cikin 100 a kowane sanda, nauyin da aka ɗora masa kuma bai ragu ba.

Abin da ya sa na ga lokaci ya yi da zan rubuta wannan da Hausa shi ne iskar gas ta mota. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane ke ta mayar da motoci da adaidaita sahu zuwa CNG, wato iskar gas da aka matse a tukunya, kuma samari da yawa da suka taso a gareji yanzu da ita suke aiki. Tukunyarta bar 200 ake cika ta, psi 2,900, kusan ninki 90 na tayar mota. Wasu kayan Amurka an yi su ne don psi 3,600, kusan bar 248. Tukunyar gas ɗin girki kuwa ko a tsananin zafi abin da ke cikinta ba ya kai bar 20, kuma daidai wannan aka yi kaurin jikinta. Wanda ya ga 200 a wani wuri, ya ga 300 a wani, bai tambaya ko bar ce ko psi ba, zai iya ɗaura bawul ko tiyo na psi 300, bar 21 kacal, a kan layin bar 200. Kuma wannan iska ce, ba ruwa ba. Ina roƙon duk maigidan da ke da yara a irin wannan aiki ya zaunar da su ya nuna musu harufan da ke bayan lamba, ɗaya bayan ɗaya, a jikin tukunya da bawul da geji.

Yarona ya yi kwana tara a gida. Na je na gaida mahaifinsa, na gaya masa yadda aka yi ba tare da na rage komai ba, na ce umarnina ne ya jawo. Dattijon ya ce ƙaddara ce, ya kuma ce in riƙa yi wa yaron bayani, kada in riƙa ba shi umarni kawai.

Da ya dawo muka koma wurin tare. Mun yanke mita 6 na farkon bututun muka zubar, don ban yarda da wajen da murfin ya ɓalle ba, sauran haɗe-haɗen kuma muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muka sake uku. Muka sa sabon murfi, muka bar gam ɗin ya kwana, muka tokare shi da buhunan yashi. Na kawo geji mai bar 0 zuwa 16, na ɗaura shi kusa da na MPa ɗin a kan famfo ɗaya, na ce ya danna a hankali yana kallon duka biyun. Da ɗaya ya kai 5, ɗayan na tsakiyar 0 da 1. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ci gaba. A bar 9 ya rufe bawul. Allura ta ɗan sauka a mintocin farko, kamar yadda roba ke yi in tana buɗewa, muka ƙara ta koma 9, ta tsaya awa guda ba motsi. Bayan la'asar aka fara mayar da ƙasa.